Sumbul, Asarun da Hancina

Ni ban taɓa ganin sumbul a tsaye da ganyensa ba. Asarun ma haka. Da su na ci abinci tun ina saurayi har gemuna ya soma fari, amma a bushe na san su, a cikin buhu, da ƙasar wani gari manne a jikinsu. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ɗan boko ya zo yana tambayata launin fure.

A Jidda aka haife ni. Mahaifina da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya ratsa Sudan, ya ƙetare teku, ya yi hajji, bai koma ba. Ya bar mini harshe da baƙar fata, bai bar mini takarda ba. Makaranta na yi kaɗan, iyakar abin da zan karanta rubutun jikin buhu da shi. Bayan an rushe ganuwar gari, Jidda ta soma fantsama, mu muka koma unguwar Sa'alaba, ni kuma na samu gurbi a bayan shagon wani attar, wato mai sayar da kayan ƙamshi da magunguna, a tsohuwar kasuwa. Bahadarame ne, wato Balaraben can kudu, gajere, magana ma awo yake yi mata. Ammi nake ce masa, wato baffana, shi kuma "ya waladi", wato ɗana, yake ce mini har bayan na aurar da 'yata. Da aka matsa da maganar iƙama, wato takardar izinin zama, shi ya tsaya mini kafili, mai lamunin baƙo a wurin hukuma. Saboda haka tabarmar da nake zama a bayan shagonsa ita ta riƙe ni a garin da aka binne cibiyata. In ya naɗe ta, sai a ɗora ni a jirgi zuwa ƙasar da ban san ko hanyar masallacinta ba.

Aikin shi ne tsintar saiwa. A wancan zamani alhazai ta ruwa suke zuwa, kuma talakan alhaji ba kuɗi yake ɗaukowa ba, kaya yake ɗaukowa ya sayar ya ci. Mutanen duwatsun Indiya saiwa suke kawowa. Ba shuka ta ake yi ba, a daji take fitowa, a kan tsaunuka, su hau su tono, su shanya, su cusa a buhu yadda ta zo. Ammi ya saya a dunƙule, a jibge mini a tsakar gidan baya, ni in zauna da faifai uku in raba.

Sumbul shi ne mai daraja. Tsawonsa kamar yatsa, lulluɓe da gashi ja-ja mai laushi, kuma gashin a saƙe yake kamar raga, in ka ja shi ba ya fita ɗai-ɗai. Ƙamshinsa kamar tsohon akwatin katako da aka taɓa ajiye almiski a ciki. Mata na sa shi a humra da man kitso, masu wankan gawa na haɗa shi da kafur.

Asarun ba shi da gashi. Gaɓa-gaɓa ne, baƙi-baƙi, a murɗe kamar yatsan tsohon da sanyi ya kama. Warinsa kuwa ƙafar ɗan dakon da ya yini a tashar jirgi. Shi ake jiƙa wa wanda barci ya guje wa, ko wanda ƙirjinsa ke dukan uku-uku ba dalili.

Na uku shi ne fu, wanda Turkawa da mutanen Sham ke kawowa. Ɗan kai gajere, sai jijiyoyi sirara masu yawa kamar gemun bunsuru, launinsa ya fi na asarun haske. Wari iri ɗaya, sai dai nasa ya fi sanyi, da ɗan zaƙi a ƙarshe. Ammi yakan ce su ukun 'yan gida ɗaya ne, ɗaya ya tashi malami, biyu suka tashi mahauta.

Sai kuma wanda ba ɗan gidan ba, yake kutsowa. Shi ma gashi gare shi kamar sumbul, amma nasa a miƙe, da kaushi kamar tsintsiya, in ka murza ka ji ƙamshin kayan miya. Ban san sunansa na gaskiya ba. Munafuki muke ce masa. Shi ba faifai gare shi ba, kwandon shara ne.

Wata shekara wani tsohon alhaji daga duwatsun Indiya, da ya kawo buhunsa, ya tsuguna kusa da ni yana kallon hannuna. Larabcinsa na salla ne kawai. Ya ɗauki sumbul ya zana ganye dogo siriri a ƙasa da yatsa. Ya ɗauki asarun ya zana ganye mai faɗi kamar tafin yaro. Ya nuna sama, ya rungume jikinsa yana karkarwa, wai can wurin sanyi ne. Da na miƙa masa fu sai ya girgiza kai, ba na ƙasarsu ba ne. Wani Baturke ne daga baya ya ce mini ganyensa ya so ya yi kama da na darbejiya. Iyakar sanina da ganye ke nan, kuma ban ga abin da ya ƙara mini ba. Ni ba a biyana don ganye.

Ido na gani, hannu na ji, amma mai yanke hukunci hanci ne. Saiwa tana tsufa. Laimar Jidda tana shiga buhu ta kashe ta. Wasu kuma tun a can suke dafa sumbul su tatse mansa, su sake shanya shi, ya bushe da gashinsa da launinsa kamar ba abin da ya same shi. Wannan ido ba ya kama shi. Sai ka karya, ka kai hanci, ka ji ba kowa a gidan. Don hancin nan Ammi ya ajiye ni. Bai taɓa yaba mini ba, amma in baƙo ya kawo kaya yana rantsuwa, yakan ce, "Bar rantsuwar, kai wa Takaruni ya sansana." Takaruni kuwa sunan da suke kiran irinmu baƙaƙen yamma ke nan.

To, hancin ne ya mutu.

Bayan wani hajji aka yi wata mura a gari, irin wadda alhazai ke bari su tafi. Ta kwantar da ni da zazzaɓi, kaina kamar an cika shi da yashi. Na tashi, majina ta tsaya, na koma tabarmata. Na karya sumbul na kai hanci, shiru. Na ce ragowar mura ce. Na karya asarun, wanda ko ta bakin ƙofa ka bi sai ya gaishe ka, shi ma shiru. Na jira mako, na jira wata. Na shaƙi barkono, na yi atishawa har hawaye, na shaƙi hayaƙin habbatussauda, na ɗiga man zaitun. Hancin na shan iska lafiya lau, amma ba ya kawo labari.

Matata ce ta fara ganewa. Ita 'yar Hausawan Sudan ce, sana'arta haɗa humra da turaren wuta, mata na zuwa har daga unguwar Kurayyat su saya. Wata Juma'a da hantsi ta ɗora wake ta shiga maƙwabta, ina zaune a tsakar gida ina gyaran takalmi. Ta dawo da gudu ta sauke tukunya.

Ta ce, "Malam, kana zaune wake ya ƙone har maƙwabta sun ji?"

Na ce, "Ban lura ba."

Ta tsaya tana kallona. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar humra, ta buɗe ta kai mini hanci. "Wace ce wannan, ta amare ko ta tsofaffi?"

Na ce, "Ta amare."

Ta ce da irin bakinsu na Sudan, "Man gyaɗa ne, ya zol. Kwalbar ce kawai ta humra." Ta zauna a kan turmi. "Tun yaushe?"

"Tun murar nan."

"Ammi ya sani?"

"In ya sani kin gan ni a nan?"

Ta shiga kankare ƙanzon tukunya. Can ta ce, "Kada ka faɗa masa. Bahadarame ba ya ciyar da jakin da ba ya dako. Kana da ido, kana da hannu. Kuma ba akwai mage a shagon ba?"

Akwai. Wata fara mai kunne ɗaya, wadda Ammi ya bari saboda ɓeraye. Kowa a kasuwar attarai ya san mage da asarun. Ko ɗan guntu ka jefa, sai ta zo tana birgima a kai tana zuba miyau kamar mai farfaɗiya. Fu ma haka take yi masa. Da can korarta nake yi da tsintsiya. Yanzu sai na soma jefa mata guntu daga kowane buhu ina satar kallonta. In ta haukace, asarun ɗin da rai. In ta sansana ta wuce, ya tsufa, in ware shi gefe. Mutum da gemunsa, yana jiran fatawar mage. Haka na zauna.

Sumbul ne matsala, don ita ba ta cika damuwa da shi ba, mai kyau ko marar kyau. Munafuki ina kama shi da yatsa, gashinsa na tona masa asiri. Sauran sai in tauna. Ɗaci bai bar harshena ba, sumbul mai rai yana da ɗan ɗaci da yaji-yaji. Amma ka tauna saiwa tun safe har la'asar ka gani, harshen ma sai ya daina bambancewa. Wani lokaci nakan ƙulle guntaye a bakin rawanina in kai gida, matata ta sansana ta ce wannan e, wannan a'a. Sai dai ba kullum ake jira ba. Wani kayan da safe ake kawo shi, kafin azahar Ammi na so ya ji magana.

Na yi fiye da shekara a haka. Ba wanda ya kawo ƙara. Har na soma ce wa kaina ashe dama hancin ƙawa ne.

Sai aka kawo wani buhun sumbul mai kyan gani. Wani dillali ne ya kawo, ba alhaji ba. Gashi ja, a saƙe, ba munafuki ko ɗaya a ciki, ba ƙasa, kamar an wanke. Wannan tsabtar ce ya kamata ta tsayar da ni, amma ranar zafi ya yi yawa, gumi har cikin ido, na riga na tauna abin da na tauna. Ammi ya leƙo ya ce, "Yalla, mutumin na tsaye." Na karya ɗaya, na kai hanci yadda na saba yi don idon mutane, na ɗan lumshe ido, na ce mai kyau ne. Ya saya.

Ba a daɗe ba wata tsohuwa ta zo. Bahaushiya ce, ita ke wankan gawar mata a unguwarmu, ta san uwata, Gwaggo nake ce mata. Kullum a wurinmu take sayen kafur da sumbul. Ba ta tsaya a bakin shago ba, ta ratso har tsakar gidan baya, ta kwance ƙullinta a kan tabarmata. Ammi ya biyo ta.

Ta ce da Hausa, "Ɗan nan, kai ka tsince wannan?"

Na ce, "Ni ne, Gwaggo."

"To ciyawa ka ba ni. Jiya na wanke yarinya, haihuwa ce ta tafi da ita. Uwarta na tsaye a kaina. Na daka na zuba, ba abin da ya tashi. Sai da na aika maƙwabta aka roƙo mini turare, kamar gawar da ba ta da kowa." Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ga Ammi da Larabcinta mai kaushi ta ce, "Ya shaihu, masu rai ku cuce su, za su dawo su yi faɗa. Waɗannan ba sa dawowa."

Ammi ya sunkuya kan ƙullin. Ya ɗauki guntu ya karya ya sansana. Shi hancinsa ba wani hanci ba ne, taba ta cinye rabinsa, amma ko shi ya ji ba komai. Ya sa aka ɗebo mata na tsohon kaya, ya raka ta har bakin hanya yana ba ta haƙuri. Ta tafi ba ta sake kallona ba.

Ya dawo ya tsaya a kaina. Ni na ɗauka zai ce na haɗa baki da dillali. Wallahi da ya faɗi haka da na fi jin sauƙi, don ɓarawo ana yi masa faɗa ya tuba ya koma aiki.

Ya ce, "Rufe idonka, ya waladi."

Na ce, "Ammi, ni ba yaro ba ne."

"Rufe."

Na rufe. Na ji motsinsa, na ji ya kawo wani abu kusa da fuskata.

"Mene ne wannan?"

Na ce, "Sumbul."

"Wannan fa?"

"Asarun."

"Wannan?"

Na gaji. Na buɗe ido ba tare da ya ce in buɗe ba. Kanumfari ne a hannunsa. Na farkon kafur ne, na biyun kuwa tafin hannunsa ne kawai, ba komai a ciki.

Ya ce, "Tun yaushe?" Tambayar matata sak.

Na faɗa masa. Na faɗa masa har maganar mage, don ban ga amfanin ragewa ba. Ya kalli magen tana kwance a kan buhu, ya kalle ni. Ya ce, "To ita zan yi wa iƙama ke nan." Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Na ce, "Ammi, a bayan shagonka hancin nan ya ƙare. Ƙurar buhunanka na shaƙa tun ba ni da gemu."

Ya ce, "Mura ce ta kashe shi, ba ni ba. Je ka gida. Halas, shi ke nan, gobe ma yi magana."

Na tafi da ƙafa har Sa'alaba cikin rana, ban hau mota ba. A hanya ina ta kallon gidaje kamar mai ban kwana. Na faɗa wa matata. Ta ce, "Da na sani da na ce ka faɗa masa tun farko." Na ce, "Da kin sani da kin zama waliyyiya." Ta ɗora shayi, na sha ruwan zafi mai zaƙi, don iyakar abin da shayi ya zame mini ke nan.

Washegari na tarar da mijin 'yar Ammi zaune a tabarmata, da faifaina uku a gabansa. Babban mutum ne, da yana sayar da yadi, kasuwa ta karye masa. Ya ɗauki fu yana juyawa yana tambaya ko wannan ne sumbul. Ammi ya ce in nuna masa. Na nuna masa gashi mai saƙa da gashi mai kaushi, na nuna masa gaɓar asarun da gemun fu. Na karya ɗaya na miƙa masa na ce, "Sansana." Ya sansana ya ce, "Me ya kamata in ji?" Na buɗe baki in faɗa, sai na ga akwatin katako da almiski magana ce kawai, ni kaina na soma manta yadda abin yake. Na ce, "In ka ji wani abu, da rai. In ba ka ji ba, ya mutu." Abin da na koya masa ke nan.

Sai Ammi ya kira ni can ƙuryar gidan, inda turmin ƙarfe yake. Mutane sun soma son magani a dake, a ƙulle a takarda, ba sa son wahalar jiƙo. Dakan asarun kuwa ba mai iya jurewa. Duk wanda aka sa, kafin ya tankaɗe sau biyu sai ya fita yana kelaya amai, kansa na sarawa, ya ce a sallame shi. 'Yan dako ma ƙi suke yi.

Ya ce, "Kai ba ka ji. Allah in ya rufe ƙofa yakan buɗe wata."

Na ce, "Wannan ba ƙofa ba ce, Ammi, bakin masai ne."

Ya ce, "Da iƙama a cikinsa. Kana so ko ba ka so?"

Na ɗauki taɓarya.

Ina nan a kan turmin har yau. Ammi ya rasu, 'ya'yansa suka gaji shagon, suka gaje ni tare da shi, su ke sabunta mini takarda. Alhazai yanzu ta sama suke zuwa, ba mai ɗauko buhun saiwa a jirgin sama, kaya daga 'yan kasuwa suke zuwa a ware, da rubutu a jiki. Ko rubutun gaskiya ne, ba wanda ya tambaye ni.

Garin asarun yana shiga gashi, yana shiga ƙarƙashin farce, yana shiga zaren riga, sabulu ba ya fitar da shi duka. Matata ta kafa mini ƙusa a zaure inda nake rataye kayan aiki, kuma ta hana ni shiga ɗakin da take haɗa humra, wai ina ɓata mata kaya. Ban yi mata musu ba. Ni ban san yadda nake ba, sai a fuskar mutane nake karantawa. A mota, na kusa da ni yakan juya ga taga. A masallacin kasuwa, liman yakan ce a daidaita sahu a toshe kafa, kowa ya matsa ya haɗa kafaɗa da ɗan'uwansa. Ni kullum akwai wurin mutum guda a damana, akwai a haguna. Da ina matsawa in cike. Yanzu na bari, nakan tsaya a ƙarshen sahu, jikin bango, ko ba komai gefe ɗaya ya toshe.